Ƙasa ta sa hannu ta ce "amma ban da sashe kaza": yarjejeniya ce wannan ko wasa da hankali?

Uwar_Biyu:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da tambaya ga masana shari'a na cikinmu. Ƙanwata ce ke rubuta aikin kammala digiri kan Yarjejeniyar Kare Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda aka zartar a 1989, ta ba ni in duba mata rubutun. A ciki na ga ta ce ƙasashe 196 ne suka shiga, babu wata yarjejeniyar haƙƙin ɗan Adam da ta samu karɓuwa irin tata. Na ce masha Allah. Ina juya shafi sai na tarar da cewa da dama daga cikinsu da togaciya suka shiga, wato ƙasa ta ce na yarda, amma ban da sashe kaza da kaza. Wata ma cewa ta yi duk abin da ya saɓa wa dokokinta ba ruwanta da shi. To in kowa zai tsince abin da ransa ke so ya zubar da saura, me aka yarda da shi ke nan? Kuma wa ke da ikon ce wa ƙasa togaciyarki ba ta karɓu ba?

Gaskiya_Daci:
Wa alaikumus salam. Hajiya amsar a bakinki take. Ba a yarda da komai ba. Hoto aka ɗauka, aka tafa, kowa ya kama gabansa.

Baristan_Zaure:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki biye wa @Gaskiya_Daci, shi kullum a fusace yake kwana.

Togaciya ba maguɗi ba ce, dokar ƙasa da ƙasa ce ta halatta ta. A da, ƙa'idar ita ce in ƙasa ta kawo togaciya sai duk sauran ƙasashen sun amince, ɗaya ta ƙi shi ke nan, ba ta shiga ba. A 1950 aka kai tambaya gaban Kotun Duniya da ke Hague game da yarjejeniyar hana kisan ƙare dangi, a 1951 kotun ta ba da shawarar cewa ƙasa na iya shiga da togaciyarta matuƙar ba ta ci karo da manufa da maƙasudin yarjejeniyar ba. Wannan ma'auni shi aka zuba cikin Yarjejeniyar Biyana ta 1969, wadda ita ce uwar dokokin ƙulla yarjejeniyoyi, daga sashe na 19 zuwa na 23.

Ita yarjejeniyar yara tana da nata sashen a kan haka, na 51. Abu uku ya faɗa: Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya zai karɓi togaciyar ya rarraba wa ƙasashe, ba a yarda da wadda ta saɓa wa manufar yarjejeniyar ba, kuma ƙasa na iya janye tata duk ranar da ta ga dama. A lura, ba kullum ƙofar take a buɗe ba. Lokacin sa hannu ko lokacin tabbatarwa, wato amincewar ƙarshe da ke ɗaure ƙasa bayan sa hannu, ake yin ta, a rubuce, kuma in an yi ta wajen sa hannu sai an sake jaddada ta wajen tabbatarwa.

Tambayarki ta biyu kuwa, nan gizo ke saƙar. Sashe na 51 ya hana, amma bai naɗa alƙalin da zai ce wannan ta faɗa cikin hanin ba.

Uwar_Biyu:
Na gode Barista. Ke nan an kafa doka ba a sa mai tsaronta ba?

Baristan_Zaure:
An sa, sai dai ba shi da sanda. Sauran ƙasashe su ne masu tsaron. Kowace tana da wata goma sha biyu ta rubuta cewa ba ta yarda ba, in ta yi shiru a ɗauka ta amince. Sai kuma Kwamitin Haƙƙin Yara da ke zama a Janeba, mutum 18, wanda ƙasashe ke kai wa rahoto bayan shekara biyu da shiga, daga nan duk bayan shekara biyar. Shi roƙo yake da matsin lamba, ba ya yanke hukunci.

Dalibar_Lauya:
Barista ka yi haƙuri in ɗan ƙara. Mu abin da ya fi ba mu wahala a aji shi ne bambance togaciya da sanarwar fahimta. Sanarwar fahimta ita ce ƙasa ta ce ga yadda na fahimci wannan kalma, ba ta ce ba za ta yi aiki da sashen ba. Amma malaminmu ya sha nanata mana cewa sunan da ƙasa ta raɗa wa takardarta ba shi ake dubawa ba, aikin da takardar ke yi ake dubawa. In ta rage wa ƙasar nauyi, togaciya ce ko da an sa mata suna sanarwa. Misali Indiya, da ta shiga a 1992, sanarwa ta kira tata kan sashe na 32 na aikatau da yara, ta ce a hankali a hankali za ta aiwatar da batun kayyade shekarun fara aiki. Ni dai na faɗi wannan tambaya a gwajin farko, shi ya sa ba na mantawa.

Malam_Na_Allo:
Ni fa ban ga aibin togaciya ba. Mutum ya gaya maka gaskiya tun a bakin ƙofa, ai ya fi wanda zai ce maka to, ya juya ya yi abin da ya ga dama. Ƙasashen Musulmi da suka toge sashe na 20 da 21 sun yi ne saboda tabanni, wato ka mayar da ɗan wani naka, ya ɗauki sunanka, ya ci gadonka. Wannan Alƙur'ani ya hana a Suratul Ahzab, ya ce a kira su da sunan iyayensu. Gwamnatin da ke mulkin Musulmi ta yaya za ta sa hannu kan abin da ya saɓa wa nassi ta yi shiru?

Baristan_Zaure:
Allah gafarta Malam, hanin tabanni ba mai ja da kai. Amma ka karanta sashen da kansa? Sashe na 20 ya jero hanyoyin kula da yaron da ya rasa iyali, ya ambaci riƙo, ya ambaci kafala da sunanta ƙarara, har ya ce kafala ta shari'ar Musulunci. Sashe na 21 kuma da kansa ya ce yana magana ne da ƙasashen da suka yarda da tsarin tabanni. Ƙasar da ba ta yarda da shi ba, sashen bai ma kira sunanta ba. Wato an riga an ɗinka rigar daidai wuyanta tun wajen rubutawa. Masar ta toge waɗannan sassa biyu, ta zo ta janye a 2003, kuma ba ta halatta tabanni ba don ta janye. Wannan kaɗai ya isa ya nuna togaciyar ba ta tsare komai ba.

Malam_Na_Allo:
To Barista, na karɓi gyara kan 20 da 21. Na 14 fa, wanda ya ba yaro 'yancin addini? Nan ma za ka ce ba komai?

Baristan_Zaure:
Nan da magana, ba zan ɓoye ba. Sai dai sakin layi na biyu na sashen ya wajabta wa gwamnati mutunta haƙƙin iyaye na shiryar da ɗansu gwargwadon girman hankalinsa. Kuma kalmar canza addini da ke cikin sanarwar haƙƙin ɗan Adam ta 1948 ba ta fito a wannan sashe ba. Duk da haka wasu ƙasashe sun ga bai wadatar ba. Jodan ta toge 14 da 20 da 21.  Maroko ta toge 14, a 2006 ta janye ta maye gurbinta da sanarwar fahimta. Ni irin wannan ba ta tayar min da hankali, don na san inda ta fara da inda ta tsaya.

Tsohuwar_Nas:
To wace iri ce ke tayar maka da hankali, ɗana?

Baristan_Zaure:
Ta kudin goro, Mama. Wadda ba ta ambaci sashe ko ɗaya ba. Saudiyya ta shiga a 1996 ta ce ta toge duk sassan da suka saɓa wa shari'ar Musulunci, ba ta ce ga su ba. Iran a 1994 makamancin haka ta yi. Ba kuma kan addini kaɗai ake yi ba, Indonesiya a 1990 da tsarin mulkinta ta fake, ta ce ba ta ɗauki wani nauyi da ya wuce abin da ke cikinsa ba. Illar ita ce babu wanda ya san me ƙasar ta ɗauka me ta ajiye. Wace mazhaba? Fassarar wa? Yau jami'i ya ce sashe kaza ya saɓa, gobe wani ya ce bai saɓa ba. Har shi yaron ƙasar da lauyansa ba su san a kan me za su tsaya ba.

Gaskiya_Daci:
Yawwa, an zo wurin. Dama na san ƙarshenta kan Musulmi za a sauke kayan. Laifi tudu ne. Su Turawan da ke rubuta takardun ƙin amincewa, su ba su toge komai ba?

Dogo_Mai_Rediyo:
@Gaskiya_Daci a nan kam ina bayanka, kuma ga hujja. Faransa ta toge sashe na 30 ɗungurungum, wanda ya ba yaran ƙananan ƙabilu haƙƙin harshensu da al'adarsu da addininsu, wai tsarin mulkinta bai san wasu tsiraru ba, kowa Bafaranshe ne kawai. Turkiyya ma ta toge 17 da 29 da 30, ta jingina da tsarin mulkinta da yarjejeniyar Lozan ta 1923. Sashe na 37 da ya ce kada a tsare yaro tare da manya a kurkuku, je ka duba su wa suka toge shi: Birtaniya, Kanada, Ostareliya, Holan, Suwizalan, Japan, Niyu Zilan. Ba matalauta ba ne, ba kuma nassi ne ya hana su ba. Ita Ostareliya hujjarta ƙasar ta yi faɗi da yawa, in an ce lallai sai an ware yaro za a kai shi nesa da danginsa. Fadar Paparoma ta toge batun tsarin iyali, ta ce hanyoyin da cocin ya yarda da su kaɗai take nufi. Sin ta ɗaure sashe na 6, na haƙƙin rayuwa, da dokarta ta kayyade haihuwa. Ajantina kuwa ta sanar cewa ita a wurinta yaro tun daga ɗaukar ciki yake farawa. Kowa da inda takalmi ke matsa masa.

Wadda ta fi burge ni ita ce ta Kanada. Ta toge sashe na 21 don kada ya taɓa hanyoyin riƙon yara na gargajiya na 'yan asalin ƙasar. Ku gaya min bambancin wannan da hujjar kafala.

Dalibar_Lauya:
Yaya Dogo duk abin da ka lissafo haka yake, amma ka lura kowace ka iya faɗin lambar sashenta. Abin da Barista ke nufi ke nan. Ba ya ce waɗancan sun fi waɗannan kirki ba ne. Ta Faransa muguwa ce a ganina, amma ka san girman muguntarta. Ta kudin goro ba ka san iyakarta ba.

Gaskiya_Daci:
Ƙanwata, wanda aka sara da gatari da wanda aka soka da wuƙa duk jini suke zubarwa.

Kunnen_Bera:
Ku bar wannan. Amurka fa? Ita wace togaciya ta yi?

Dogo_Mai_Rediyo:
Babu, don ba ta shiga ba balle ta toge. Ta sa hannu a 1995 zamanin Clinton, amma tabbatarwa sai kashi biyu cikin uku na majalisar dattawa sun yarda, kuma ba a taɓa kaɗa ƙuri'a a kanta ba. Ita kaɗai ta rage cikin membobin Majalisar Ɗinkin Duniya. Abin mamaki, ƙananan yarjejeniyoyi biyu na 2000 da aka liƙa wa babbar, ta hana sa yara a yaƙi da ta hana sayar da yara, waɗannan ta tabbatar da su a 2002.

Kunnen_Bera:
Ikon Allah. Ta ƙi uwar ta karɓi 'ya'yan.

Baristan_Zaure:
Kuma al'adar majalisar dattawansu ce ba sa tabbatar da yarjejeniyar haƙƙin ɗan Adam sai da jerin togaciya da sanarwa. A 1992 da suka tabbatar da yarjejeniyar haƙƙin farar hula da siyasa, sun toge wa kansu damar yanke hukuncin kisa kan laifin da mutum ya aikata yana ƙasa da shekara 18. Sai a 2005 kotun ƙolinsu ta haramta hakan. Sashe na 37 na yarjejeniyar yara ya hana wannan tun 1989.

Alhaji_Sai_Hankali:
Ina karanta ku tun ɗazu. Ni tambayata ga masu cewa togaciya wasa da hankali ce: da an rufe ƙofarta gaba ɗaya, kuna ganin za a samu 196 ɗin? Da babu gara ba daɗi. Ƙasar da ta shigo da ƙafa ɗaya dole ta riƙa zuwa Janeba tana amsa tambaya. Wadda ke waje fa, wa ya isa ya tambaye ta?

Mai_Kare_Leburori:
Ranka ya daɗe, da na yarda da kai ɗari bisa ɗari in ba don misali guda ba. Yarjejeniyoyin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ba a yi musu togaciya sam. Amma ta 182, ta 1999, kan mafi munin aikatau da yara, duk membobin ƙungiyar 187 sun tabbatar da ita, Tonga ce ta cike a 2020. Dabararsu ita ce a gina sassaucin a cikin rubutun tun farko. Dubi ta 138, ta ce mafi ƙarancin shekarun fara aiki 15, amma ƙasar da tattalin arzikinta da makarantunta ba su yi ƙarfi ba tana iya farawa da 14. Kowa ya san iyakar rangwamen. Yarjejeniyar Hague ta 1993 kan tabanni tsakanin ƙasashe ita ma ta hana togaciya ƙwata-ƙwata.

Alhaji_Sai_Hankali:
Ɗana, ta 182 magana ɗaya take yi: bauta, karuwanci, safarar ƙwaya, aikin da ke halaka yaro. Wace gwamnati za ta fito ta ce tana goyon bayan waɗannan? Ita kuwa ta 1989 sassa 54 gare ta, ta shiga ɗakin kowa, ta taɓa addini, tarbiyya, suna, ɗan ƙasanci, makaranta, kurkuku. Ba nauyinsu ɗaya ba. Ta Hague ɗin da ka kawo kuma ai ba ta samu kowa ba.

Mai_Kare_Leburori:
Wannan gaskiya ne Alhaji, na sallama rabi.

Tafinta_A_Turai:
Bari in sa baki, don ni na ga abin da idona. @Gaskiya_Daci ya ce duk hoto ne. Na yi shekaru ina aikin tafinta ga yaran da suka iso neman mafaka ba tare da iyaye ba. Akwai wani yaro ɗan shekara 16 da ba na mantawa. A wani ofishi aka zaunar da shi, jami'in ya yi ta jefa masa tambayoyi kamar wani magidanci, ba wakili, ba kowa nasa sai ni, ni kuma aikina in juya magana kawai. Da aka miƙo masa takarda ya sa hannu sai ya kalle ni ya ce, Yaya in sa? Ba ni da izinin ce masa e ko a'a. Har yau abin na ci min rai.

Dalilin da ya sa na kawo wannan: irin wannan ɗaki shi togaciya ke buɗewa ko rufewa. Jamus da ta tabbatar a 1992 ta ajiye sanarwar da ta kare dokokinta na baƙi, kuma a dokar mafakarta ana ɗaukar ɗan 16 a matsayin wanda ya isa ya tsaya wa kansa. Ta janye a 2010, a 2015 aka ɗaga shekarun zuwa 18. Birtaniya ma ta toge harkar shige da fice baki ɗaya, ta janye a 2008 tare da ta tsare yara da manya. Shekara guda bayan haka aka yi dokar da ta ɗora wa hukumar shige da fice nauyin kula da walwalar yara, a 2011 kuma kotun ƙolinsu ta yanke cewa dole a sa maslahar yaro a sahun gaba kafin a kori mahaifiyarsa daga ƙasar. Shari'ar wata mata ce 'yar Tanzaniya. To in takarda ce kawai, me ya sa gwamnatocin suka riƙe ta gam shekara goma sha?

Tsohuwar_Nas:
Allah sarki yaro. Allah ya saka maka da alheri. Ni wannan labarin ya fi shigata fiye da duk lambobin da kuke ta jerowa.

Gaskiya_Daci:
@Tafinta_A_Turai ban musa maka ba. Amma can akwai kotun da za ta kama gwamnati. Inda alƙali ke jiran umarni daga sama, ko an janye ko ba a janye ba duk kanwar ja ce.

Dalibar_Lauya:
Wannan ya kawo mu wani gefe da ba a taɓo ba. Akwai ƙasashe birjik da suka tabbatar ba togaciya ko ɗaya, takardarsu fes, amma ba su taɓa mayar da yarjejeniyar dokar gida ba. A tsarin da yawancin ƙasashen da suka gaji dokar Ingila ke bi, yarjejeniya ba ta aiki a kotu sai majalisa ta zartar da ita a matsayin doka. Har ƙasashen da ake ganin sun yi nisa sun ja ƙafa, Suwidin sai a farkon 2020 ta mayar da ita doka, shekara talatin bayan tabbatarwa. Don haka tsabtar takarda ba ta nuna halin da yara ke ciki.

Malam_Na_Allo:
Alhamdu lillahi, kin dawo kan maganata ta farko, 'yata. Wanda ya ce ba zan iya kaza ba ya fi wanda ya ce zan iya duka alhali bai yi niyyar ko ɗaya ba.

Baristan_Zaure:
Malam, da sharaɗin ya faɗi mene ne kazan.

Uwar_Biyu:
Jama'a kun tafi kun bar ni a baya. Tambayata ta biyu har yanzu tana nan. A ce ƙasa ta yi irin ta kudin goron nan, wasu ƙasashe suka rubuta ba su yarda ba. Sai me ya biyo baya? An kore ta?

Baristan_Zaure:
Ba a kore ta ba Hajiya. Ƙasashe irin su Suwidin, Norwe, Finlan, Denmak, Holan, Jamus, Ostiriya, Fotugal da Ailan su suka fi rubuta irin waɗannan takardu. Za ki ga takarda ta yi zafi, ta ce togaciyar ta saɓa wa manufar yarjejeniya, amma a ƙarshe ta rufe da cewa wannan bai hana yarjejeniyar aiki tsakaninmu ba.

Ga dalilin da abin ba ya cizo. Ƙa'idar Biyana an gina ta ne kan ba-ni-in-ba-ka. A yarjejeniyar ciniki, in ka toge sashe, ni ma na kuɓuta daga wannan sashe a mu'amalata da kai, don haka za ka yi tunani kafin ka toge. A haƙƙin yara wannan ba shi da ma'ana. Don wata ƙasa ta ce za ta tsare yaranta da manya, Norwe ba za ta rama ta hanyar tsare nata yaran ba. Wanda ke asara ba ya cikin masu sa hannu.

Masana sun kasu uku kan makomar togaciyar da ba ta halatta ba. Wasu sun ce ƙasar ba ta shiga ba ke nan. Wasu sun ce ta shiga, sashen ne kawai ya fita. Na uku sun ce a yanke togaciyar a yar, ƙasar ta ɗauki nauyin duka. Kotun haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta bi na ukun a 1988 a shari'ar Belilos da Suwizalan. Kwamitin haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce haka a 1994, Amurka da Birtaniya da Faransa suka yi masa ca. A 2011 Hukumar Dokokin Ƙasa da Ƙasa ta fitar da jagora ta tsaya a tsakiya: a ɗauka ƙasar ta shiga ba tare da cin moriyar togaciyar ba, sai in ta nuna cewa ba don togaciyar ba da ba ta shiga ba. Jagora ce dai, ba doka ba.

Kunnen_Bera:
Wato a taƙaice an bar kaza cikin gashinta.

Mai_Rubuta_Rahoto:
Ba gaba ɗaya ba. Na taɓa aiki da gamayyar ƙungiyoyi masu rubuta rahoton da ake aika wa kwamitin Janeba a gefen na gwamnati. Abin da na koya shi ne kunya tana aiki, sai dai a hankali. Duk zuwan da tawaga za ta yi sai an tambaye ta yaushe za ku janye. Wata jami'ar ma'aikata ta taɓa ce min a bayan fage su kansu ba su san wanda ya rubuta tasu togaciyar ba, sun gaje ta ne, kuma babu mai son a ce a hannunsa aka cire ta. Amma ku dubi waɗanda suka motsa. Pakistan ta janye tata ta kudin goro a 1997. Indonesiya a 2005. Katar ta taƙaita tata a 2009 ta koma kan sassa biyu, na 2 da na 14. Malesiya ta shiga a 1995 da togaciya kan sassa goma sha biyu, ta yi ta zarewa har suka koma biyar. Tailan ta janye ta sashe na 7 a 2010, ta yaran 'yan gudun hijira kuma a 2024. Hatta Polan, wadda ita ta fara kawo shawarar a rubuta yarjejeniyar a 1978, da togaciya ta shiga, daga baya ta cire.

Gaskiya_Daci:
Pakistan ta janye a 1997. To sai yaran da ke aikin bulo suka koma makaranta a 1998?

Mai_Rubuta_Rahoto:
A'a Malam. Amma daga ranar ba wakilin da zai zauna a Janeba ya ce wannan sashe bai hau kanmu ba. Ƙaramin abu ne, na sani. Mu da ƙananan abubuwan muke aiki.

Hajiya_Inna:
Ni tambaya ce da ni ba gardama ba. Yarjejeniyar yara ta Afirka fa, ita ma ana toge ta?

Dogo_Mai_Rediyo:
Ana yi Hajiya, amma kaɗan. An zartar da ita a 1990, ta fara aiki a 1999, kuma ta fi ta Majalisar Ɗinkin Duniya tsauri a wasu wurare, ta kayyade 18 ga aure da shiga soja ba kwana-kwana. Ƙasashe huɗu aka sani sun shiga da togaciya a kanta: Botswana kan ma'anar yaro, Muritaniya kan 'yancin addini, sai Masar da Sudan, waɗanda duka biyun suka taɓo sashen shekarun aure cikin abin da suka toge.

Tunda an zo kan soja, akwai abin da ya kamata ƙanwar @Uwar_Biyu ta sa a aikinta. Ba kowace sanarwa ce ta rage nauyi ba. Sashe na 38 na ta 1989 ya tsaya a shekara 15 ga shiga yaƙi, wasu ƙasashe irin su Ajantina da Kolombiya da Sifen suka rubuta cewa wannan ya yi ƙasa, sun so a ce 18. Irin wannan ƙorafi na cikin abin da ya haifar da ƙaramar yarjejeniyar 2000. Ita kuma ta wajabta wa kowace ƙasa ta bayyana shekarun da take ɗaukar sojan sa kai. Birtaniya 16 ta rubuta, Amurka 17.

Malam_Na_Allo:
Birtaniya 16? Ita da ke wa mutane wa'azi?

Dogo_Mai_Rediyo:
Ita fa Malam, da yardar iyaye.

Uwar_Biyu:
Na tura wa ƙanwata duk wannan. Ta ce in tambayi Barista, a babin ƙarshe ta ba da shawarar a hana togaciya gaba ɗaya, ko a bar ta amma a tilasta wa ƙasa ta ambaci sashe da dalili?

Baristan_Zaure:
Ta ɗauki na biyun, ta ƙara da wa'adi. Akwai yarjejeniyoyin Majalisar Turai (Council of Europe) da togaciya ke mutuwa da kanta bayan wasu shekaru in ba a sabunta ta ba, ta Istanbul kan cin zarafin mata shekara biyar ta sa. Amma ta sani gyara sashe na 51 sai kashi biyu cikin uku na ƙasashen sun karɓa, kuma gyaran waɗanda suka karɓa kaɗai yake hawa.

Alhaji_Sai_Hankali:
Wato masu togaciyar su za a roƙa su zo su ɗaure kansu. Barista kai ma ka san ba za su zo taron ba.

Gaskiya_Daci:
Za su zo Alhaji, in akwai hoto.

Tafinta_A_Turai:
@Uwar_Biyu ki ce mata in tana son misalin Jamus da Birtaniya dalla-dalla ta yi min magana, sai dai bayan isha'i, yanzu ina kan hanyar aiki.